Yadda ake koyon kalmar "isolate" da 'yan uwanta a Turanci, a kuma yi amfani da su daidai

Wannan bayani na ɗalibin da yake shirin WAEC ko NECO ko JAMB ne, da ma'aikacin da ake sa shi rubuta rahoto, da mai fassara labarai, da duk wanda yake so ya faɗa da Turanci cewa an yanke wani abu daga sauran 'yan uwansa: ƙauyen da ruwa ya cinye wa hanya, majinyacin da aka killace, mutumin da unguwa ta juya wa baya, kiran wayar da ya katse ana tsakiyar magana. Kalmar da aka fi saurin ɗauka ita ce "isolate", da "isolated" da "isolation". Tun da korona ta shigo a 2020 kunnen kowa ya saba da ita, har ta danne sauran. Shi ya sa za ka ga ɗalibi ya rubuta wai ya zama "isolated" a tasha saboda kuɗin mota sun ƙare masa, ko ya ci karo da "isolated incident" a jarida ya fassara shi da "abin da aka killace". Duka biyun ba su zauna ba.

Hanyar da zan zayyana ita nake bi da ɗalibai shekara da shekaru. Rabin sa'a a kullum har mako guda ya wadatar.

Kayan aiki

Na farko, ƙamus na Turanci zalla wanda aka yi don masu koyo. Oxford Advanced Learner's Dictionary shi aka fi samu a makarantun sakandare da shagunan littattafai, amma na Longman ko na Cambridge ma sun yi. Abin da ake nema a cikinsu shi ne jimlolin misali, da alamar furuci, da ƙananan kalmomin da suke bin kalmar a baya. Ƙaramin ƙamus na aljihu, mai ba ka kalma guda a madadin kalma guda, ba zai yi wannan aikin ba. Ajiye shi.

Na biyu, ƙamus na Turanci zuwa Hausa in akwai, kamar na Roxana Ma Newman da ya fito a 1990. In babu, kada ka fasa. Hausarka da ta manya a gida za su cike gurbin, don rabin aikin dama tambayar kai ne: "Mu a nan yaya za mu ce?"

Sai littafin rubutu da ba a haɗa shi da wani darasi ba, da biro biyu, shuɗi da ja. Shuɗi na jimlolin da suke daidai, ja na kurakuran da za a kauce wa. Sai waya mai ɗan data, domin shafukan ƙamus na Oxford da Cambridge kyauta ne a intanet, kuma suna da alamar lasifika da za ka danna ka ji furuci. Wanda ba shi da data ya riƙe rediyo. Sai tsofaffin jaridun Turanci, ko da waɗanda mai tsire yake naɗe nama da su ne, in dai maiƙo bai cinye rubutun ba. In da hali, ka samu aboki guda ku riƙa yi wa juna tambaya.

Gargaɗi tun daga nan: manhajar fassara ta waya ba ta cikin kayan aikin. Za ta jefo maka kalma guda, kai kuma ba ka san ko ta asibiti ce ko ta siyasa ba.

Mataki na 1: Gyara bakinka kafin ka taɓa ma'ana

Harafin farko ba "i" na "ido" ba ne, "ai" ne kamar na "aiki". Gaɓa uku ce: AI-sa-leit, nauyin murya a kan gaɓar farko. Wasalin tsakiya gajere ne ƙwarai, kada ka ja shi ya zama "soo". "Isolated" gaɓa huɗu ce, AI-sa-lei-tid, kuma dole "tid" ɗin ƙarshe ta fito. Da yawa suna haɗiye ta, sai mai saurare ya kasa bambance "isolate" da "isolated".

A "isolation" nauyin ya tashi daga farko ya koma gaɓa ta uku: ai-sa-LEI-shan. Wannan ƙa'ida ce da za ta yi maka amfani a takardar furuci ta WAEC: duk kalmar da ta ƙare da "tion", nauyinta yana kan gaɓar da take gabanin wannan ƙarshen.

Ka kula da harafin "s". A "island" ba a furta shi, a "isolate" ana furta shi. Danna lasifikar, ka saurara, ka maimaita da ƙarfi, sannan ka naɗi muryarka a waya ka kwatanta. Kunya ba ta da wuri a nan.

Mataki na 2: Riƙe hoton tsibiri

Tarihin da kake buƙata kaɗan ne. Turanci ya aro kalmar a ƙarni na 18 daga Faransanci, shi kuma daga Italiyanci, tushenta kuwa "insula" ta Latin, wato tsibiri. Zana ɗan tsibiri a saman shafin farko na littafinka, ruwa ya kewaye shi. Duk ma'anar da za ka gani a gaba, wannan hoton ne: abu guda yana tsaye shi kaɗai, akwai tazara tsakaninsa da sauran. Idan jimlarka ba ta da wannan tazarar, da wuya "isolate" ce kalmar da kake nema.

'Yan uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi da suka yi bokon Faransanci sun riga sun san "isolé", wannan sauƙi ne a gare su. Amma akwai tarko. A Faransanci "isolation" tana nufin rufe waya ko gini don kada wuta ko zafi su ratsa, abin da Turanci yake kira "insulation". Ita kuwa "isolation" ta Turanci, takwararta a Faransanci "isolement" ce. A rubuta wannan da jan biro.

Mataki na 3: Jera siffofin kalmar

Raba shafi gida huɗu.

A gida na farko sa aikatau, "isolate". Yana buƙatar wanda aka yi wa aikin: "The doctors isolated the patient." A gida na biyu sa siffa, "isolated": "an isolated village". A na uku sa suna, "isolation": "He spent two weeks in isolation." A na huɗu sa "isolationism" da "isolationist", na siyasa ne, manufar ƙasa ta janye jikinta daga harkokin duniya, kamar yadda ake siffanta Amurka tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu. Wannan gidan na huɗu ka gane shi in ka gan shi, ba lallai ka yi amfani da shi ba.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne "He is isolate". Babu wannan. Bayan "is" ko "was" ko "feel" sai "isolated". Kuma "isolation" ba ta da jam'i, kada ka liƙa mata "s".

Mataki na 4: Ware ma'anonin, kowace da Hausarta

Nan ne aikin yake, kada ka yi gaggawa. Ba kowace ma'ana rabin shafi. Rubuta jimlar Turanci, sannan ka rubuta yadda Bahaushe zai faɗi wannan magana a bakinsa, ba fassarar kalma da kalma ba.

Ta farko, wuri. "An isolated village" shi ne ƙauyen da yake can shi kaɗai, babu maƙwabta kusa, irin wanda mukan ce ƙauyen ƙayau, ko ruga a tsakiyar daji. Ba wanda ya killace shi, haka yake.

Ta biyu, mutum da zamansa cikin jama'a. "She felt isolated in her husband's town." Amaryar da aka kai garin da ba ta san kowa ba, ga mutane cike da gida amma ba ta da abokin hira. Hausa za ta ce kaɗaici ya dame ta, ko ba ta da kowa a can. Lura da cewa mutum yana iya zama "isolated" a tsakiyar taro.

Ta uku, asibiti, kuma ita kowa ya sani. Bayan da aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Najeriya ranar 27 ga Fabrairu 2020 a Legas, sai "isolation centre" ta cika labarai, gidajen rediyo suka fassara ta da cibiyar killace masu cuta. "Self-isolate" kuwa shi ne mutum ya killace kansa, a lokacin kwana 14 ake cewa. Akwai bambancin da ma'aikatan lafiya suke yi wanda Hausa ba ta damu da shi ba: "isolation" na wanda ya kamu ne, "quarantine" na wanda ya yi cuɗanya da mai cutar ana jira a ga ko ta kama shi. Mu duka killacewa muke cewa. 'Yan jarida sukan gauraya su, amma in kana karatun aikin jinya ko kana rubuta rahoton lafiya, ka raba su. Ita "quarantine" daga kalmar Italiyanci mai nufin arba'in ta fito, saboda kwana 40 da akan tsare jiragen ruwa a bakin teku a zamanin annoba kafin a bar mutanen ciki su sauka.

Ta huɗu, siyasar duniya. A nan Hausa tana da abin da ya fi na Turancin daɗi: mayar da ƙasa saniyar ware. Afirka ta Kudu a zamanin wariyar launin fata misali ce, an hana ta shiga wasannin Olamfik daga 1964 sai a 1992 ta dawo. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar, da ECOWAS ta rufe iyakoki ta ƙaƙaba takunkumi, jaridun Turanci sun yi ta amfani da wannan kalma a kan Nijar. Wanda ya fassara wannan da "an killace Nijar" ya mayar da ƙasa majinyaci.

Ta biyar ita ce take kayar da ɗalibai a jarrabawa, don ba ruwanta da kaɗaici ko cuta. "An isolated incident" abu ne da ya faru sau ɗaya, ba shi da alaƙa da wasu, ba al'ada ba ce. 'Yan sanda da kamfanoni suna son wannan furucin idan suna so su kwantar da hankalin jama'a: abin ya faru, amma ba wai ya zama ruwan dare ba. Jam'insa, "isolated incidents" ko "isolated cases", shi ne jefi-jefi, ko nan da can. In ka duba hasashen yanayi na hukumar NiMet da damina za ka sha ganin "isolated thunderstorms". Ma'anarsa za a yi hadari da tsawa a wasu wurare tsilli-tsilli, wata unguwa ta jiƙe, ta kusa da ita ko ɗigo. Ni a ganina wannan ma'anar ta fi sauran amfani ga mai rubutu, kuma ita aka fi mantawa.

Ta shida, kimiyya da sana'a. A ɗakin gwaje-gwaje "isolate" na nufin a tsamo abu guda daga cikin gauraye don a same shi tsantsa, kamar yadda Marie Curie ta fitar da ƙarfen radiyam a 1910, ko yadda ake ware ƙwayar cuta daga jinin majinyaci. A lissafi, "isolate x" shi ne a kwashe komai zuwa ɗaya gefen a bar x shi kaɗai. A aikin lantarki, a raba wani sashe da wuta gaba ɗaya kafin a sa hannu. Kada ka haɗa ta da "insulate", wanda shi ne naɗe waya da roba ko salatef. Tushensu ɗaya, amma mai gyaran wuta da ya ruɗa su yana iya rasa ransa.

Mataki na 5: Koyi abokan tafiyarta

Kalmar Turanci ba ta yawo ita kaɗai, kuma mai duba takarda a nan yake gane wanda ya iya.

Babbar abokiyarta "from" ce: "isolated from his family", "isolate the sick goats from the herd". Hausa tana cewa an raba shi da danginsa, sai wannan "da" ta ja ɗalibi ya rubuta "isolated with his family". Wannan jimlar ta juya ma'anar baki ɗaya, ta zama an killace shi tare da iyalinsa. Ja layi biyu a ƙarƙashin wannan.

Idan ka kawo abin da ya jawo, sa "by": "isolated by floods". Gaban siffar kuma "an" ake sawa, ba "a" ba, tunda da wasali ta fara. Sai furucin "in isolation", mai fuska biyu. "The patient is in isolation" killacewa ce. Amma "You cannot judge this verse in isolation" na nufin ba a yanke hukunci a kan baiti guda ba tare da duba na gabansa da na bayansa ba. Wannan na biyun yana ƙawata rubutun insha'i sosai.

Mataki na 6: Tambayoyi uku kafin ka zaɓi kalma

Yanzu ka san "isolate". Saura ka san inda ba a sa ta. Kafin ka rubuta, tambayi kanka: me ya yanke shi, nisa ne, ko cuta, ko jama'a, ko tsautsayi? Da yardarsa ne ko dole aka yi masa? Kuma maganar inda jikinsa yake ake yi, ko abin da yake ji a zuciya? Amsar ita za ta kai ka ga ɗaya daga cikin waɗannan.

"Stranded" ta matafiyi ce. Mota ta lalace tsakanin Zariya da Kaduna, ko jirgi ya fasa tashi fasinjoji sun yi cirko-cirko a filin jirgi, ko guzuri ya ƙare a garin da ba naka ba. Asalinta jirgin ruwan da ya kafe a yashin gaɓa. Hausarta maƙalewa. Ɗalibin nan na tasha wannan yake nema.

"Marooned" ta fi ƙarfi, kuma galibi da ruwa a cikinta. A da, hukunci ne na matuƙan jirgin ruwa, a sauke mutum a tsibirin da ba kowa a tafi a bar shi. Yau ana faɗinta ga wanda ambaliya ta kewaye, kamar mutanen Maiduguri da suka hau rufin gidaje da tudu bayan ɓallewar madatsar ruwan Alau a Satumbar 2024. "Trapped" kuma akwai hatsari da rashin mafita a kusa: wanda gini ya rufta da shi, ko rami ya rufe a kansa.

Idan jama'a ne suka juya baya da gangan, "ostracised" ce. A tsohuwar Atina ta Girka, 'yan gari sukan rubuta sunan wanda suke so a kora a jikin tsingaro, wanda sunansa ya fi yawa sai ya bar gari shekara 10. Daga sunan tsingaron kalmar ta fito. Yau ba sai an kori mutum ba: ba a gaishe shi, ba a zuwa sunansa, ba a gayyatarsa biki. Rubutun Ingila da "s" yake, na Amurka da "z". Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kansa har ƙarshen takarda. "Boycott" ƙauracewa ce, an fi yi wa kaya ko kanti ko zaɓe, kuma sunan wani wakilin mai gonaki ne, Charles Boycott, da manoman Ayaland suka daina hulɗa da shi a 1880.

Idan kuwa da yardar mutum ne, kuma akwai natsuwa a ciki, "secluded" da "seclusion" sun fi dacewa. Malamin da ya shiga halwa, ko lambu a bayan gari inda ba hayaniya. Marubutan Turanci da "seclusion" suke fassara kulle. "Remote" nisa ce kawai, ba ta ɗauke da wani baƙin ciki. Fursunan da aka rufe a ɗaki shi kaɗai yana "solitary confinement".

Sai na zuciya. "Alone" na nufin ba kowa tare da kai, ko kana jin daɗin hakan ko ba ka ji. "Lonely" shi ne kaɗaicin da yake ciwo. Ita kuwa kewa, "Ina kewar Inna", ba ta cikin wannan dangin sam, "I miss my mother" ake cewa.

Ba sai ka haddace su rana ɗaya ba. Biyu a kullum, kowace da jimla guda daga abin da ka taɓa gani da idonka.

Mataki na 7: "Cut off", wadda ta fi kowace yawo a baki

A hira ta yau da kullum Bature ya fi cewa "cut off" a kan "isolated". Bambancinsu shi ne, "cut off" tana nuna da can akwai hanya ko layi, sai aka datse, galibi ba zato. Ƙauye yana iya zama "isolated" tun kafuwarsa, amma ranar da gada ta karye sai ya zama "cut off". Lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara a Satumbar 2021, da lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wutar lantarki a Agustan 2023, wannan ce kalmar. Haka yanke ruwan famfo, da katsewar kira, "We were cut off", da katse wa mutum hanzari yana cikin magana, da uban da ya daina tura wa ɗa kuɗi.

Kurakurai biyu. "Cut" ba ta canzawa, jiya da yau duk "cut" ce, babu "cutted". Sannan wakilin suna a tsakiya yake shiga: "They cut him off", ba "They cut off him" ba. Da cikakken suna kuwa duka biyu sun halatta, "cut off the supply" ko "cut the supply off". In ta zama suna ko siffa sai a sa ɗan karan ɗori a tsakani, kamar "cut-off mark" da duk mai neman gurbin jami'a ya sani, makin da aka ja layi a kansa, wanda bai kai ba an yanke shi.

Mataki na 8: Fita farauta

Ɗauki jarida da biro, ka nemi waɗannan kalmomi. Duk wadda ka samu, kwafe jimlar dukanta, kada ka kwafe kalmar kaɗai, sannan ka rubuta a gefe ma'ana ta nawa ce a cikin shidan nan na Mataki na 4. Dabara mai kyau ita ce ka samu labari guda a harsuna biyu. Daily Trust da Aminiya gida ɗaya suke fitowa, sau da yawa za ka tarar da labarin a duka biyun. Haka za ka iya jin labaran duniya da Turanci, sannan ka kama sashen Hausa na BBC ko DW ko RFI ka ji yadda suka juya shi. Za ka ga ƙwararren mai fassara ba ya manne wa kalma guda: yau killacewa, gobe saniyar ware, jibi ya sake ginin jimlar gaba ɗaya.

In babu jarida babu rediyo, tsofaffin takardun tambayoyin WAEC da JAMB da ake sayarwa a bakin makarantu sun isa.

Mataki na 9: Rubuta naka, a gwada ka

A jarrabawa iri biyu ake kawo ta. Ko a ce ka zaɓi mafi kusa da ita a ma'ana ko kishiyarta, ko a ce ka kawo kalmar da za ta maye gurbinta a cikin nassin da ka karanta. A duka biyun, cire kalmar, ka saka wadda ka zaɓa, ka karanta jimlar daga farko. In an ce "The police called it an isolated attack", aka ba ka "lonely" da "remote" da "single", biyun farko suna da dangantaka da kalmar a ƙamus, amma "single" ce ta shiga wannan jimlar. Kuma siffar da ka mayar ta yi daidai da wadda ka cire: in "isolated" aikatau ce ta abin da ya wuce, "separated" za ka sa, ba "separate" ko "separation" ba. Ana asarar maki da yawa a nan ga wanda ya san ma'anar sarai.

Ga gwaji. Rufe amsoshin da tafin hannu, ka juya waɗannan zuwa Turanci, ko abokinka ya karanto maka:

1. Ruwa ya cinye gadar, garin ya yanke daga sauran jihar.
2. An killace yaran da suka kamu da ƙyanda.
3. Alhazai sun maƙale a filin jirgi kwana 2.
4. Za a samu ruwan sama jefi-jefi gobe.
5. Tun da aka kama shi da sata mutanen unguwa suka daina hulɗa da shi.
6. Tsohuwar tana zaune ita kaɗai, amma ba ta jin kaɗaici.

Na ɗaya, "The town was cut off from the rest of the state", tunda da can akwai gada. "Isolated" ma ba laifi ba ce a nan, sai dai ba ta nuna datsewar. Na biyu, "The children with measles were isolated", don sun riga sun kamu. Na uku "stranded". Na huɗu "isolated showers". Na biyar "ostracised", ko "shunned" in kana son gajeriya. Na shida, "The old woman lives alone, but she is not lonely."

Wanda ka faɗi a ciki, koma matakinsa, ka rubuta sababbin jimloli uku da shuɗin biro, ka kai wa malamin Turanci ko wani da ka yarda da iyawarsa ya duba. Bayan mako guda abokinka ya sake yi maka gwajin, amma ya canza jimlolin, ya sa ƙauyenku da tasharku da asibitin garinku a ciki.